Yunusa da Nahum: Fushin Allah da Ƙaunarsa a Littafin Kirista

A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista akwai waɗansu 'yan littattafai guda biyu, waɗanda wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya karance su duka tsakanin Azahar da La'asar. Na farko shi ne Littafin Yunusa, wanda waɗansu fassarori su ke kira Yunana. Sura 4 gare shi, aya 48. Na biyu shi ne Littafin Nahum, sura 3, aya 47. Duka biyun maganar birni guda su ke yi, watau Nineba. Amma a cikin na farko Allah ya yafe wa birnin, a cikin na biyu kuwa ya mai da shi kango. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, da rabin magana zai tashi.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu dube su, tambayar da ke cikinsu ta iso ƙofar gidanmu. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya kuma ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya yi shekaru yana maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. Cikin watan Oktoba 2012 suka far wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum kimanin 20, waɗansu suna fitowa daga masallaci. Ran 5 ga Mayu 2018 aka kashe mutum 45 ko fiye a Gwaska. Sa'an nan cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekara da shekaru a rufe. Dole mutum ya tambaya: ashe wanda ya yi kisa, ya ƙone rumbu, ya karɓi kuɗin fansa, in ya ce ya tuba, shi ke nan? Musulmi yana da wannan tambaya, Kirista ma yana da ita, gama harsashi bai tambayi addinin kowa ba. Mu Musulmi mun san abin da malamanmu su ke karantarwa. Ba laifi mu san abin da littafin maƙwabtanmu ya ce, tun da ya ke rijiya ɗaya mu ke sha da su, hanya ɗaya kuma mu ke bi zuwa Kaduna.

Littafin kuwa ba shi da wuyar samu da Hausa. Likita Walter Miller, ɗan mishan ɗin da ya zauna Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa suka fassara shi, aka buga shi cikakke a 1932, aka kuma yi wata sabuwar fassara kusan shekara hamsin bayan wannan. Masu fassara sun yi amfani da kalmomin da mu ke da su, irin su Allah, Ubangiji, annabi, zunubi da tuba, saboda haka mai karatu ba zai ɓace ba.

Wane irin gari ne Nineba?

Kangon Nineba yana ƙasar Iraƙi, a gabashin kogin Dijla, daura da birnin Mausil. Shi ne babban birnin Assuriyawa a ƙarshen zamaninsu, mutanen da ƙasashen gabas duka su ke jin sunansu jiki ya ɗauki rawa. Su ne suka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kwashe mutanenta suka watsa su cikin ƙasashe. Ba su kuwa ɓoye muguntarsu. Sarakunansu su kan sa masassaƙa su zana yaƙe-yaƙensu a jikin duwatsun bangon fada. Wajen 1850 wani Bature mutumin Ingila, Layard, ya tone fadar Sarki Sennakerib a Nineba, ya tarad da irin waɗannan duwatsu. A jikinsu a ke ganin yadda aka ci garin Lakish a shekara ta 701: ga waɗanda aka tsire, ga waɗanda a ke feɗewa, ga mata da yara an tasa su gaba da 'yan ƙunshinsu. Duwatsun suna babban gidan kayan tarihi na Landan.

To, wurin waɗannan mutane ne littafin ya ce Allah ya aiki Yunusa. In mai karatu yana so ya ji nauyin aiken, ya ɗauka an ce wa mutumin Gwaska ya ratsa daji shi kaɗai, ya je sansanin waɗanda suka kashe 'yan'uwansa ya yi musu wa'azi.

Labarin Yunusa

Allah ya ce masa gabas, shi kuwa ya yi yamma. Ya gangara Yafa, ya biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Tarshish. Hadiri ya taso, matuƙan jirgi kowa yana kiran abin bautarsa, annabi kuwa yana can ƙasan jirgi yana barci. Aka jefa ƙuri'a ta faɗa kansa. Ya ce su jefa shi cikin teku, amma sai da suka yi iyakar ƙoƙarinsu su kai gaɓa tukuna, don ba su so alhakin jininsa ya hau kansu. Kifi ya haɗiye shi, ya yi kwana uku a ciki yana addu'a, kifi ya amayar da shi a tudu. Aka sake aikensa, ya tafi.

Wa'azin da ya yi a Nineba, da harshen Ibrananci kalma biyar ne kacal, ma'anarsa saura kwana 40 a kife birnin. Bai kira su ga tuba ba, bai kuwa yi musu alkawarin komai ba. Duk da haka mutane suka gaskata. Sarki ya sauka daga gadonsa, ya sa tsumma, ya zauna cikin toka. Ya sa aka yi shela a yi azumi, har shanu da tumaki kada a ba su ciyawa ko ruwa, kowa kuma ya janye hannunsa daga zalunci. Sarki bai ce lalle za a yafe musu ba. Cewa ya yi watakila. Allah ya dubi abin da suka aikata, ya fasa hallaka su.

Har zuwa nan Musulmi ba zai ji baƙon abu ba, gama Suratu Yunus ta ambaci mutanen da suka ba da gaskiya aka janye musu azaba. Sura ta huɗu ce ta littafin za ta sa shi ya ji wani iri, domin a wurinmu ba a siffanta annabi da irin halin da aka ba Yunusa a cikinta. Amma muna duba littafin ne yadda masu shi su ke karanta shi, a wurinsu kuwa sura ta huɗu ita ce cibiyar magana.

Da Yunusa ya ga an yafe wa birnin, sai ya husata ƙwarai. A nan ne ya fito da dalilin gudunsa. Ashe tun farko ya san Allah mai jinƙai ne, mai jinkirin fushi, ya kuwa san in mutanen nan suka tuba za su kuɓuta. Wannan shi ne abin da ba ya so. Ya ce gara ya mutu. Ya fita gabashin birni ya kafa bukka, ya zauna ya ga abin da zai auku. Allah ya tsiro masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya yi murna. Da gari ya waye tsutsa ta ci tsiron ya bushe, iska mai zafi ta taso, rana ta buge shi, ya sake roƙon mutuwa. Sai Allah ya yi masa tambaya. Shi da ya ke jin tausayin tsiron da bai shuka ba, wanda ya fito dare ɗaya ya mutu dare ɗaya, yaya Allah ba zai ji tausayin birnin da ke da mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san dama da hagu ba, ga kuma dabbobi tuli? A nan littafin ya tsaya. Ba a faɗi amsar Yunusa ba.

Gwanintar littafin da gazawarsa

Marubucin nan gwani ne, gwanintarsa kuwa ta fito a wuri uku. Na farko, ya ɓoye dalilin gudun Yunusa har sura ta ƙarshe. Mai karatu yana ta zaton tsoro ne, sai can ya tarad da cewa ƙin a yi wa abokin gāba alheri ne, a sa'an nan kuwa ya riga ya saba da Yunusa, ba ya iya cewa ba ruwansa da shi. Na biyu, duk abin da ke cikin labarin yana bin umurni, iska da teku, kifi, tsiro, har tsutsa, sai annabi kaɗai. Na uku, mun shiga littafin muna jiran mu ga fushin Allah, muka fita ba mu ga fushin kowa ba sai na mutum. Sau biyu Allah ya tambaye shi ko fushinsa yana bisa daidai.

Mutane da yawa ba su tuna komai cikin labarin sai kifi. Waɗansu ma a kan tsiron suka tsaya, ko zurma ce ko duma. Tun wajen shekara ta 403 wata jama'ar Kirista a garin da mu ke kira Tarabulus yanzu ta yi hargitsi cikin majami'a, don wata sabuwar fassara ta sake sunan tsiron. Haka ɗan Adam ya ke, ya kan bar jaki ya bugi taiki. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi wuyar haɗiya, shi ya sa a ke kewaye ta.

Amma fa littafin yana da gurbi, ba kuwa ƙarami ba. A cikinsa ba mu ji muryar ko mutum ɗaya daga waɗanda Nineba ta cuta ba. Babu matar da aka kashe mijinta a Samariya, babu wanda aka tasa gaba daga Lakish. An ce sun bar zalunci, amma ba a ce sun mai da ganima ko sun saki bayi ba. Tubar ma ta yi sauri, birni guda cikin yini ɗaya. Manomin da ya sayad da gonarsa ya fanshi ɗansa, in aka karanta masa wannan, zai ce ina aka san ba tuban muzuru ba ne? Yana da gaskiya ya tambaya. Littafin Yunusa bai ba shi amsa ba. Littafin Nahum ne ya ba shi.

Nahum

Nahum waƙa ce tun daga farko har ƙarshe, waƙar faɗuwar Nineba. An yi ta bayan Assuriyawa sun ci babban birnin Masar ta kudu a shekara ta 663, gama ta ambaci wannan. Nineba kuwa ta faɗi a shekara ta 612, sa'ad da Babilawa da Mediyawa suka haɗa ƙarfi suka ci ta. Mai karatu zai ji ƙarar bulala da kwaramniyar karusai, ya ga dawakai suna sukuwa, gawa kuma ta yi yawa har a ke tuntuɓe da ita. Mawaƙin ya kamanta birnin da kogon zaki wanda ya cika da naman da aka yayyaga, ya ce ranar biya ta zo.

Abin lura, ma'anar sunan Nahum ita ce ta'aziyya, ko sanyaya zuciya. Yaya waƙar hallaka za ta zama ta'aziyya? Wanda bai taɓa kwana a daji don tsoron mahara ba zai yi mamaki. Wanda ya kwana ba zai yi ba. In aka ce wa wanda aka zalunta Allah ba ya fushi da kowa, an ce masa ke nan jinin ɗansa bai dami Allah ba. In kuwa aka ce masa Allah yana fushi da wanda ya zubad da jinin, an shaida masa ɗansa yana da daraja. Ta nan za mu gane cewa fushin da Nahum ya ke magana daga ƙauna ya fito. Uwar da aka mari ɗanta a gabanta ba ta ji komai ba, ba wanda zai ce tana ƙaunarsa.

Nahum ma da tambaya ya ƙare. Ya ce duk wanda ya ji labarin faɗuwar Nineba zai tafa hannu, domin wane ne muguntarta ba ta taɓa ba? Masu nazari sun lura cewa cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki, waɗannan biyu ne suka ƙare da tambaya. Ɗaya yana tambaya saboda waɗanda ke cikin birni, ɗaya saboda waɗanda birnin ya tattake.

Gurbin Nahum shi ma a fili ya ke. Mutum 120,000 ɗin nan da dabbobinsu ba su sami tausayi cikin waƙarsa ba. Bai kuma ce uffan a kan laifin mutanensa ba, alhali kuwa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya riƙi Nahum kaɗai, ba wuya ya ɗauki gora ya nufi rugar da ta fi kusa, ya bugi wanda bai ci ba bai sha ba. An kuwa sha ganin haka a ƙasashen nan namu, shi ne kuma ya kan ƙara wa wuta makamashi.

Magana ɗaya, rabi biyu

Ga abin da ya ɗaure littattafan biyu. A Littafin Fitowa, sura 34, an ce Allah ya bayyana wa Annabi Musa halinsa. Rabin farko na maganar yana kan jinƙai da jinkirin fushi da gafara. Rabi na biyu ya ce ba ya barin mai laifi ya tafi hakanan. Yunusa cikin fushinsa ya jawo rabin farko ya yi shiru da na biyu. Nahum a farkon waƙarsa ya ambaci jinkirin fushi, ya tsallake gafara, ya kama rabi na biyu. Waɗanda suka tattara littattafan ba su yar da ko ɗaya ba, suka ajiye su kusa da juna, littafi guda ne kaɗai a tsakaninsu.

Cikin tarihin Kirista an sami masu son raba abin da aka haɗa. Wajen shekara ta 144 wani mai suna Markiyon a birnin Rum ya ce Allahn Tsohon Alkawari mai fushi dabam ya ke da Allahn Yesu mai ƙauna, saboda haka a zubad da Tsohon Alkawari. Ikkilisiya ta kore shi. Littafin Yunusa kaɗai ya isa ya rushe maganarsa, gama cikin Tsohon Alkawari ya ke, ba kuwa inda ƙauna ta kai nisan da ta kai a cikinsa. A ɗaya gefen kuma, cikin Yuli 1741 wani malami a Amurka, Jonatan Edwads, ya yi wani wa'azi da ya shahara, inda ya kamanta mai zunubi da gizo-gizo da aka riƙe bisa wuta, har jama'a suka dinga kururuwa. Shi kansa ya ce musu ƙofar jinƙai a buɗe ta ke, ya kuma yi wa'azi da yawa a kan ƙauna. Amma masu kwaikwayonsa sau da yawa wutar su kan ɗauka su manta da ƙofar.

Kalmar fansa

Ina Kirista su ke cewa fushi da ƙauna sun gamu? A kan gicciye. Bulus ya bayyana wannan cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 5. Koyarwarsu ita ce, fushin Allah a kan zunubi gaskiya ne, ba a share shi da fatar baki, amma Allah saboda ƙauna ya ɗauki nauyin biya, ta wurin mutuwar Almasihu domin masu laifi tun ba su gyaru ba. Mu Musulmi ba mu yarda da wannan ba, gama Alƙur'ani ya kore cewa an kashe Annabi Isa ko an gicciye shi. Nan ne hanya ta rabu, ba kuwa amfanin ɓoye haka. Amma wanda ya ke so ya gane maƙwabcinsa, sai ya gane cewa a addinin maƙwabcin gafara ba araha ba ce. Kafin a yi ta sai wani ya biya.

Kalmar da Kirista Hausawa su ke kiran wannan da ita, ita ce fansa, shi ya sa su ke kiran Yesu Mai Fansa. Kalmar ta dace, ta kuwa yi nauyi fiye da yadda masu fassara na 1932 za su zata. A zamanin dā bawa ya kan fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi. A zamanin nan ba gidan da bai san kuɗin fansa ba tsakanin Buruku da Birnin Gwari, an kuwa san ba wanda ya ke sayad da shanunsa da masararsa ya fanshi wanda ba ya ƙauna. Sa'an nan da wannan kalma mu ke cewa ɗaukar fansa, watau ramuwa. Kalma ɗaya, in ka ba da ita ka ceci rai, in ka ɗauke ta ka ɓad da rai. Harshenmu ya riga ya haɗa Yunusa da Nahum cikin kalma guda.

Abin da za mu ɗauka

Ba aikin mai sharhin littafi ba ne ya yanke hukunci a kan sulhun 2024. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda ya yi shekara biyar bai je gonarsa ba, ya sami zuwa, ya san abin da zaman lafiya ya ke nufi, ba a kuwa raina masa. Amma littattafan nan sun ba da ma'auni, kowa ya iya auna sulhu da shi, ko wannan ko wani.

Na farko, a hannu a ke ganin tuba. Littafin Yunusa bai ce Allah ya ji abin da mutanen Nineba suka faɗa ba, ya ce ya ga abin da suka aikata. Sarkinsu kuma bai kafa sharaɗi ba, bai ce sai an ba shi kaza kafin ya daina ba. Wanda ya ce ya tuba bindiga tana rataye a kafaɗarsa, ɗan wani kuma yana ɗaure a sansaninsa, ko Nineba bai kai ba.

Na biyu, gurbin da Yunusa ya bari na mai da haƙƙi, Bisharar Luka ta cike shi a sura 19. Wani babban mai karɓar haraji a Yariko, Zakka, da ya tuba sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zambata kuma ya mayar masa riɓi huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. A nan Musulmi da Kirista bakinsu ɗaya, domin malamanmu ma sun ce tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai an mayar, ko mai haƙƙi ya yafe. Rai ba ya mayuwa, amma saniya tana mayuwa, gona tana mayuwa, gaskiyar inda aka binne mutum ma abu ne da a ke iya mayarwa ga iyalinsa.

Na uku, gafarar mutum dabam, aikin hukuma dabam. Bulus a sura 12 ta wasiƙar nan ya hana Kirista ramuwa, ya ce ya bar wa Allah, har ya ciyad da maƙiyinsa in yana jin yunwa. Nan take a sura 13 ya ce mai mulki ba don ado ya ke riƙe da takobi ba, an ba shi ne don horon mai mugunta. Watau an karɓe ramuwa daga hannun talaka don an ɗora ta a wuyan hukuma. Hukuma tana iya yin sulhu don jini ya tsaya, wannan aikinta ne. Amma ba ta iya yafewa a madadin wanda aka kashe wa uba, ba ta kuma iya sauke takobi ta bar shi ba mai tsaronsa. In ta yi haka, ta tura shi ga gora.

Na huɗu, a saurari mai fushi. Allah bai kori Yunusa ba, bai kuwa tsawata masa ba. Ya yi masa inuwa tukuna, sa'an nan ya yi masa tambaya. Haka kuma cikin misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, da wan ya husata ya ƙi shiga gidan biki, uban ne ya fito waje ya lallashe shi. Wannan labari ma bai faɗi ko wan ya shiga ba. Fasto ko limamin da ya hau mumbari ya ce wa mutane su yafe, bai je ya zauna a zauren wanda aka cuta ya ji ta bakinsa ba, ya yi gaggawar da littafin bai yi ba.

Amma tambayar ƙarshe tana nan tana jiran mai fushin shi ma. A cikin daji akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, akwai yaran da suka buɗe ido cikin sansani ba su san wata rayuwa ba, akwai makiyayan da su ma aka kore musu shanu. Littafin ya ƙidaya irinsu, har dabbobinsu, ya ce Allah ya san adadinsu. Wanda ya kafa bukka a bakin daji yana jiran wuta ta sauko ta cinye kowa, shi a ke tambaya.

Shawarata ga wanda ya sami littafin, kada ya karanta ɗaya ya rufe. In zuciyarsa ta cika da ramuwa, ya fara da Yunusa. In kuwa shi mai saurin cewa a manta ne, don abin bai taɓa gidansa ba, ya fara da Nahum. Sa'an nan kowannensu ya juya 'yan shafuka ya karanta ɗayan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda ke hannu gida lafiya, ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, amin.